ALLO DA ALLI: Mabuɗin Gidanka a Aljihun Wa Yake?

A watan jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar yaranmu da ke barin aji su shiga tuƙin keke mai ƙafa uku, to amma ina neman afuwa, wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na ga ya wajaba in jingine waccan magana sai wata mai zuwa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To gemun da ya kama wuta a wannan karon na kawuna ne, kuma shi da kansa ya ba ni izinin in ba da labarin, da sharaɗin kada in ambaci sunansa.

Kawun nawa, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara 26 a birnin New York na Amurka, a unguwar Bronx inda 'yan zangonmu suke da yawa, yana tuƙin tasi. Bara ya ga ƙarfi ya fara ja baya, ya tattara komatsansa ya dawo Kumasi don ya ƙarasa ginin da ya daɗe yana yi, ya zauna kusa da dangi. Kuɗin ginin ya bar su a bankinsa na can, yana cirowa kaɗan kaɗan ta manhajar bankin da ke cikin wayarsa. Ana gobe zai taho ya je ya rufe layin wayarsa, domin a ganinsa asara ce mutum ya yi ta biyan kuɗin wata na layin ƙasar da ya bari. Wata biyu komai na tafiya daidai, saboda manhajar ta riga ta san wayar. Ranar da wayar ta faɗa cikin kwata ta mutu, ya sayi sabuwa, ranar ce wahala ta fara.

Da magariba ya aiko aka kira ni. Na tarar da shi a kan tabarma, tabarau a hanci, waya a hannu.

"Malam, zo ka duba mini abin nan, kai ne ka yi boko. Sun ce sun aiko mini da lamba, tun la'asar nake jira, ba abin da ya shigo."

Na karɓa na duba, na ce, "Kawu, layin da ka buɗe asusun nan da shi yana ina?"

Ya ce, "Na mayar musu da abinsu mana, ɗana. Me zan yi da layin Amurka a Kumasi?"

Nan na san cewa aiki ya same mu. Bankin bai yi ƙarya ba, ya aika lambar, amma ya aika ta gidan da Kawu ya riga ya tashi.

Kafin in yi wani abu, washegari wani yaro mai gyaran waya a kasuwa ya ce wa Kawu wannan ai ƙaramin abu ne. Ya karɓi sidi 150, ya sa masa wata manhaja mai ba da lambar Amurka kyauta, lamba mai farawa da +1 sak irin ta da. Kawu ya dawo yana murna. Aka yi kwanaki ana buga wa bankin waya ana jira a layi, da ƙyar suka yarda za su canza lambar, amma da aka karanta musu sabuwar sai na'urarsu ta ƙi karɓa, ta ce wannan ba layin wayar hannu ba ne. Daɗin daɗawa, yaron nan ya riga ya sa wannan lamba a matsayin mai tsaron akwatin imel ɗin Kawu. Bayan 'yan makonni, tun da Kawu bai yi kira ko aika saƙo da ita ba, masu manhajar suka karɓe abarsu. Ka ga ke nan ƙofa biyu sun rufe maimakon ɗaya. Damina ta sauka, gini ba rufi, magina suka watse suka kama wani aikin, buhunan siminti suka sha danshi suka zama dutse. Sai bayan wata huɗu, da aike-aiken takardu ta gidan waya da zirga-zirgar ɗansa da ke can zuwa reshen bankin, aka samu asusun ya buɗe. Akwatin imel kuwa, mai ɗauke da hotuna da takardun aiki na shekara ashirin, har yau da nake wannan rubutu ba a samu shiga ba.

To jama'a, bari mu koma aji, mu fara daga baƙi da wasali. Mece ce wannan lamba da ake aiko wa mutum? A da, kalmar sirri kaɗai ta isa a shiga asusu. Da aka ga ɓarayi suna sace kalmomin sirri, ko su canka, tun da yawancinmu sunan ɗa ko shekarar haihuwa muke sawa, sai aka ƙara kwaɗo na biyu. Bayan ka rubuta abin da ka sani, sai ka nuna abin da ke hannunka. Wato sai a aika wata lamba, galibi mai alƙaluma 6, zuwa wayarka, wadda ke aiki sau ɗaya tak kuma ta mutu cikin 'yan mintoci. Ita ce ma'aikatan banki ke kira OTP, mu kuma mu ce lambar tantancewa. Banki bai ga fuskarka ba, WhatsApp bai san muryarka ba, abin da suka sani shi ne duk wanda lambar ta isa hannunsa shi ne mai asusu. Saboda haka lambar wayar da ka ba su ita ce mabuɗin gidanka, kuma tambayar da ta kamata kowa ya yi wa kansa ita ce, wannan mabuɗi a aljihun wa yake kwana?

Lambar waya ta intanet, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da VoIP, lamba ce da ba ta da sim. Kamfani ne ke da tarin lambobi, ya ba ka ɗaya, kira da saƙonni su riƙa zuwa maka ta cikin manhaja muddin kana da data ko Wi-Fi. Kana zaune a Tamale kana iya riƙe lambar Ingila mai +44, kana Yamai kana iya riƙe ta Kanada. Ba abin ƙi ba ne, kuma tana da amfani ƙwarai ga ɗan kasuwar da ke son abokan cinikinsa na waje su kira shi da araha, da kuma wanda ba ya son ya riƙa raba lambarsa ta gida ga kowa da kowa. Inda gizo ke saƙa shi ne, ba duk mai kama da layin waya ne layin waya ba, kuma manyan kamfanoni sun san bambancin ko da mu ba mu sani ba.

Yaya suke ganewa? Kowace lamba a duniya tana da rajista da ke nuna kamfanin da ke riƙe da ita da kuma irinta, ta wayar hannu ce, ta girke ce, ko ta intanet. Kafin banki ya aika lambar tantancewa, na'urarsa tana iya leƙa wannan rajista cikin ƙiftawar ido. In ta ga ta intanet ce, wasu bankuna su ƙi karɓa a fili kamar yadda aka yi wa Kawu, wasu kuma su karɓa amma saƙon ba zai taɓa isowa ba. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: ɗan damfara yana iya buɗe irin waɗannan lambobi da yawa a yini ɗaya ba tare da ya nuna wa kowa katin shaida ba. A shekarar 2017 hukumar tsara ma'aunai ta gwamnatin Amurka, wato NIST, ta rubuta cikin ƙa'idojinta na wancan lokaci cewa kada a yi amfani da wayar intanet ko imel wajen irin wannan tantancewa, saboda ba sa tabbatar da cewa wata na'ura takamaimiya tana hannun mutum. WhatsApp ma ya sa lambobin intanet cikin jerin waɗanda bai yarda a yi rajista da su ba. Za ka ji wani ya ce ai shi ya yi kuma ta yi aiki. Haka ne, takan yi, amma wanda ya shiga ta taga kada ya yi mamaki ranar da aka rufe tagar yana waje.

Akwai kuma wani abu na biyu. Yawancin bankuna da gajeriyar lamba suke aika saƙonsu, mai alƙaluma 5 ko 6, ko da sunan bankin kawai. Irin waɗannan saƙonni suna bin hanya daban da saƙon da aboki ke aiko maka, kuma kamfanonin intanet da dama ba sa karɓarsu sam. Shi ya sa yaron kasuwa zai aika maka saƙo daga wayarsa ka ga ya shigo, ka biya shi, ka koma gida ka yi ta jiran na banki har asuba.

Yanzu bari in kasa waɗannan lambobi gida huɗu, kamar yadda nake kasa wa ɗalibaina darasi a allo.

Kashi na farko su ne lambobin kowa da kowa, waɗanda ake bajewa a intanet kyauta, duk saƙon da ya shigo kowa na gani. Wannan daidai yake da ka ce a riƙa liƙa wasiƙunka a bangon tasha. Duk wanda ya buɗe asusu da irin wannan lamba, to wani na iya neman a sake aiko lambar shiga ya karanta ya shige. Kada ka kusance su ko da wasa.

Kashi na biyu su ne na haya na ɗan lokaci, minti ashirin ko yini ɗaya ko mako. Suna buɗe maka asusu yau, amma ranar da aka sake neman tantancewa, bayan wata shida ko shekara, lambar tana hannun wani. A nan ne samarinmu suka fi faɗawa, su gina shafin sayar da kaya har ya tara abokan ciniki, rana ɗaya ya kuɓuce musu.

Kashi na uku su ne lambobin intanet na zama, waɗanda ake biya duk wata ko duk shekara, ko a ba ka kyauta da sharaɗin ka riƙa amfani da su. A nan ake samun Google Voice, wanda mutane suka fi ambata. Sai dai a sani, na ɗaiɗaikun mutane an yi shi ne don mazauna Amurka, kuma sai kana da lambar Amurka ta gaske za ka buɗe. Yana ba da damar mutum ya mayar da tsohuwar lambar wayarsa ta Amurka cikinsa a kan dala 20, biya ɗaya. Da Kawu ya yi haka kafin ya hau jirgi, da aƙalla lambarsa ta shekara 26 ba ta salwanta ba, ko da yake daga ranar da aka mayar da ita rajista za ta nuna ta zama ta intanet, kuma wasu bankuna za su iya juya mata baya. Akwai kuma irin su TextNow na Amurka da Kanada, masu ba da lamba kyauta su kuma karɓe ta in an bar ta ba amfani.

Kashi na huɗu shi ne layin gaske na kamfanin wayar hannu, ko da sim na roba ko da sim na cikin waya da ake kira eSIM, wanda mutum ke tafiya da shi ƙasar waje. Saƙo kan iso shi ta hanyar yawon layi, wato romin, ko kuma ta Wi-Fi in kamfanin da wayar sun yarda da haka. Wannan ba lambar intanet ba ce a rajista, ko da saƙon ta intanet ya biyo, don haka bankuna sun fi karɓar sa. Shi ne abin da aka yi wa Kawu daga ƙarshe: ɗansa ya yanki layi mafi araha da sunan mahaifinsa, aka kunna shi a can, aka ba wani mai zuwa gida ya kawo. Ya fi tsada, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

To in har mutum ya ga lallai yana bukatar lambar intanet, ga tambayoyi shida da zai yi kafin ya saki kuɗinsa.

Ta farko, wurin da nake son shiga yana karɓar irin wannan lamba? A fara daga nan. Tambayi bankin ko ma'aikatar kai tsaye, sa'an nan ka gwada tun tsohon layinka yana raye. Kada ka rufe tsohuwar rijiya sai ka sha ruwan sabuwa sau biyu sau uku.

Ta biyu, kamfanin yana karɓar saƙon gajerun lambobi? In sun rubuta cewa ba su ba da tabbacin isowar lambobin tantancewa ba, to ka yarda da su, gaskiya suka faɗa maka. Duba kuma ko ana iya karɓar lambar ta kiran murya, domin sau da yawa inda saƙo ya ƙi shiga kira yakan shiga.

Ta uku, lambar tawa ce ni kaɗai, kuma me zai sa a karɓe ta? Kwana nawa za ta yi ba amfani kafin a ƙwace? In katin da nake biya da shi ya ƙi aiki wata ɗaya, kwana nawa za a ɗaga mini ƙafa? Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin lambar da aka karɓe wani za a ba. A shekarar 2021 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka sun duba lambobi 259 da manyan kamfanonin waya biyu suka sake sawa a kasuwa, suka tarar 171 daga ciki har lokacin suna ɗaure da asusun tsofaffin masu su. Wannan fa a layin gaske ke nan, balle lambar kyauta da ake jujjuyawa kamar kofin shayi a teburin mai shayi.

Ta huɗu, in na gaji da kamfanin, ko shi ya gaji da sana'ar, zan iya ɗauke lambata in kai wani wuri? Kada ka ce babban kamfani ba ya rufewa. Waye bai san Skype ba? An kafa shi a 2003, Microsoft ya saye shi a 2011 a kan dala biliyan 8.5, da shi muka fara ganin fuskokin 'yan'uwanmu na ƙasashen waje. Amma ranar 5 ga Mayu, 2025 aka rufe shi, masu riƙe da lambobinsa suka shiga neman inda za su koma.

Ta biyar, da sunan wa aka buɗe? Lambar da wani ya buɗe da imel ɗinsa ya sayar maka, tasa ce har gobe, duk ranar da ya ga dama zai canza kalmar sirri ya karɓe abarsa da duk abin da ke shigowa cikinta. Wasu daga cikin waɗannan lambobi ma da yaudara aka samo su. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta yi gargaɗi a kan 'yan damfara da ke yaudarar mutane su karanto musu lambar tantancewa ta Google Voice, su kuma su buɗe lamba da layin mutumin. Ka sayi irin wannan, ka sayi kayan sata. Kayan aro ba ya rufe katara, balle na sata.

Ta shida, ita kanta lambar me ke tsaronta? Lambar intanet tana da wata fa'ida guda da ya kamata a faɗa don adalci: tun da ba ta da sim, ɓarawo ba zai je ofishin kamfanin waya ya yi ƙaryar sim ɗinsa ya ɓata a yankar masa naka ba. Wannan dabara ta musayar sim ba ta bar babba ba, a watan Agusta na 2019 da ita aka shiga asusun Jack Dorsey, wanda a lokacin shi ne shugaban Twitter. Amma lambar intanet ƙarfinta daidai yake da ƙarfin asusun da ake buɗe ta da shi. Kuma ga kuskuren da na ga masu ilmi ma suna yi: mutum ya buɗe lambar da imel ɗinsa, sa'an nan ya ce lambar tantancewar imel ɗin ta riƙa zuwa wannan lamba. Ranar da waya ta ɓata, imel zai ce kawo lamba, lamba ta ce buɗe imel. Ya kulle ɗaki, mabuɗi yana ciki.

Wani zai ce, Malam, mu da ba mu taɓa zuwa Amurka ba ina ruwanmu? Da ruwanmu mana. Mu mutanen zango mutanen iyaka ne. Mai albasa yana tsakanin Galmi da Kumasi, mai goro yana tsakanin nan da Kano, ɗalibi yana Zariya ko Madina, a aljihun kowa akwai sim biyu ko uku, na +233 da na +227 da na +234. Kowane kamfani yana da wa'adin da in layi ya yi ba kira ba sa kati zai rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Ɗan kasuwar da ya bar layinsa na Nijeriya a ƙasan akwati shekara guda, alhali da shi ya buɗe asusun banki a Kano, labarinsa da na Kawu ɗaya ne. Haka iyayen da suka bar mai shagon kwamfuta ya sa lambarsa wajen yi wa yaro rajistar jarrabawa. Hukumar JAMB ta Nijeriya tana ɗaure bayanan ɗalibi da layin da ya yi rajista da shi, saboda haka masu 'ya'ya a can su kula da wannan sim kamar takardar haihuwa.

Mu kuma tuna da abin da muka gani da idonmu. A nan Gana an fara sabuwar rajistar sim da katin ɗan ƙasa a watan Oktoba na 2021, wa'adi ya cika ranar 31 ga Mayu, 2023, aka toshe layukan da ba a yi wa rajista ba. A Nijeriya an fara haɗa sim da lambar ɗan ƙasa a watan Disamba na 2020, aka rufe ƙofa a watan Satumba na 2024. A cikin wancan turmutsutsu, mutane nawa ne aka yi wa rajistar layinsu da katin ɗa ko na miji ko na maƙwabci? Iyayenmu mata da yawa, masu ajiyar jarin waina da koko a momo, layinsu yana da sunan wani. Wannan ma lambar aro ce, ko da tana da sim. Ranar da wayar ta ɓata, mai sunan kaɗai za a saurara a ofis.

To mene ne abin yi? Ga shawarar da na ba Kawu, ita kuma nake bi a kaina.

Mutum ya ware layi ɗaya na gaske, mai rajista da sunansa, ya zama shi ne na banki da momo da imel da WhatsApp. Ya riƙa sa masa kati kaɗan yana yin kira da shi ko sau ɗaya a wata, ya sa wa sim ɗin kansa lambar kulle. In zai yi tafiya, ya je kamfanin kafin ranar ya tabbatar an buɗe masa romin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin ya ɗan yi sauƙi yanzu, tun da Gana da Kwaddebuwa suka fara aiki da tsarin romin na ECOWAS a 2023, Togo da Binin suka biyo a 2024. Lambar intanet kuwa a bar ta a matsayinta, ta talla da ciniki da wuraren da in asusun ya ɓata ba za a rasa barci ba.

Na biyu, duk inda aka ba da zaɓi, a bar dogaro da saƙon waya gaba ɗaya. Saƙon tes tsohon abu ne, an aika na farko ranar 3 ga Disamba, 1992 a Ingila, gaisuwar Kirsimeti ce, kuma ba don ɗaukar sirri aka ƙirƙiro shi ba. A 2017 a Jamus ɓarayi sun karkatar da irin waɗannan saƙonni tun a kan hanya suka kwashe kuɗin mutane daga banki. Akwai manhajoji irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator waɗanda ke haifar da lambar a cikin wayarka, sabuwa duk daƙiƙa 30, ba sa bukatar layi, ba sa bukatar data, muddin agogon wayar yana daidai. Kana Agadas ko kana Makka duk ɗaya ne. Google da Facebook da wasu da yawa suna karɓar wannan hanya. Tun 2022 kuma manyan kamfanoni suka fara yaɗa wata sabuwa, wadda ake shiga asusu da zanen yatsa ko fuska ba tare da an aiko komai ba.

Na uku, a karɓi lambobin ko-ta-kwana. Google yana ba da guda 10, kowace tana aiki sau ɗaya in waya ta ɓata. A rubuta su da biro a littafi, a ajiye inda ake ajiye takardar fili da ta aure. A WhatsApp kuma a kunna tantancewa mai hawa biyu, wadda aka fito da ita ga kowa a 2017, mutum ya zaɓi lambarsa ta sirri mai alƙaluma 6, don ko wani ya samu layinka ba zai shige kai tsaye ba.

Na huɗu, wanda zai bar wata ƙasa ya dawo gida, ya zauna da takarda ya rubuta duk wurin da ya taɓa ba lambarsa: banki, fansho, haraji, asibiti, imel. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya tun yana can, tun layin yana aiki. Aikin yini biyu ne. Kawu ya biya shi da wata huɗu da damina guda.

Na biyar, kuma ina roƙon limamanmu su taya ni faɗa, lambar tantancewa ba a karanta wa kowa. Ko wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko daga kamfanin waya, ko ya ce shi sakataren ƙungiyar masallaci ne yana shirya taro ya aiko maka lambar shiga. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta. Duk wanda ya ce karanto mini, mabuɗi yake nema.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba mu son ambata. Rai na hannun Allah. Mun ga gidajen da maigida ya rasu, kuɗin marayu suna cikin waya, aka bar layin ya mutu kafin a gama takaba. Mutum ya sanar da amintacce ɗaya inda littafin nan yake, magada kuma su ci gaba da raya layin mamaci har a gama bin hanyar da doka da shari'a suka tsara wajen raba gado.

Shekaranjiya na leƙa wajen Kawu, na tarar kafintoci suna kan rufi. Ya ciro sabon sim ɗin nan da ke cikin wata ƙaramar waya, ya nuna mini ya ce, "Malam, wannan yanzu tare da fasfo yake kwana." Na ce Kawu ka yi daidai, amma a riƙa tada shi yana gaisawa da mutane ko sau ɗaya a wata, kada barcin ya zarce.

Aikin gida na wannan wata: kowa ya buɗe wayarsa yau, ya duba lambar da ke tsaron bankinsa da imel ɗinsa, ya tambayi kansa ko tana hannunsa kuma da sunansa. Wanda ya ga gyara ya gyara, ya kuma duba ta mahaifiyarsa. Masu tambaya ko ƙarin bayani su aiko ta hannun Edita kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar yaranmu da keke mai ƙafa uku. Wassalam.